Farfesan da ya sa kallo gaba da lissafi

Duk mai fanka a ɗakinsa ya san wannan abin, ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kansa ba. Fanka tana kwana tana juyawa, iskarta tana ɗaga takarda daga kan tebur, amma in ka kashe ta ka shafa fukafukanta, sai ka kwaso ƙura a yatsa, balle in hunturu ya kankama. Yaya aka yi abin da ke kaɗa iska da irin wannan ƙarfi ya kasa kakkaɓe ƙurar da ke jikinsa?

Ni malamin fizik ne, kuma kowace shekara nakan jefa wa ɗalibaina wannan tambayar. Amsarta ita ce iskar da ke taɓa jikin abu manne masa take yi, ba ta zamewa a kansa. Komai gudun fanka, akwai wata siririyar iska da ke lulluɓe da fiffikenta, tana tafiya tare da shi, kuma a cikinta ƙurar ke kwance lami lafiya. Mutumin da ya mayar da wannan ɗan abu ilimi sukutum wani farfesan injiniya ne na ƙasar Jamus, Ludwig Prandtl. Tun da na karanta tarihinsa nake ganin labarinsa ya shafe mu, mu malamai da iyaye, fiye da yadda ya shafi masu ƙera jirgin sama.

An haife shi a 1875 a garin Freising, kusa da Munich. Mahaifinsa malami ne a makarantar koyon aikin gona ta Weihenstephan. Mahaifiyarsa ta daɗe tana jinya, don haka yaron ya fi zama da uban, shi kuma uban ya saba masa da duba abubuwan da ke kewaye da shi, da tambayar dalilinsu. Ya karanta aikin injiniya a Munich a hannun Farfesa August Föppl, ya sami digirin dakta a 1900, sannan ya kama aiki a kamfanin ƙera injuna na MAN a Nuremberg. Aikin da aka ba shi a can ba na a zo a gani ba ne. An ce ya gyara wata na'ura mai zuƙe dussar katako daga wurin aikin kafintoci. A jikin na'urar akwai wani bututu mai faɗaɗa a hankali kamar bakin kakaki. Bisa lissafin littafi, ya kamata iska ta bi bangon bututun ta cika shi. Sai ya ga iskar tana rabuwa da bangon, tana zuba ta tsakiya, gefe kuwa sai juyi da birkicewa. Ya gyara na'urar, amma tambayar ta bi shi: me ke raba iska da bango?

A wancan zamani masu nazarin gudanar ruwa da iska sun kasu gida biyu, kuma ba su cika jin maganar juna ba. Masana lissafi suna da ƙa'idoji masu kyan gani, sai dai don lissafin ya yi sauƙi sukan ɗauka ruwa da iska ba su da danƙo ko kaɗan. Wannan ɗaukar ta kai su ga abin dariya. Tun 1752 Bafaranshen nan d'Alembert ya nuna cewa in an bi lissafin nan, abin da ke tafiya cikin ruwa ba zai gamu da wata tirjiya ba. Wanda duk ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar gabas ya san ba haka ba ne. Akwai cikakkun ƙa'idoji da suka sa danƙo a ciki, na Navier da Stokes, amma sun fi ƙarfin warwarewa. Har yau ba a gama da su ba, tun shekarar 2000 aka sa ladar dalar Amurka miliyan ɗaya ga wanda zai amsa wata tambaya a kansu. Su kuma injiniyoyi masu gina madatsar ruwa da shimfiɗa bututu, sun bar masana da alƙalumansu, suna aiki da abin da gwaji ya nuna, ba tare da sanin dalili ba.

A 1901 aka ba Prandtl kujerar farfesa a babbar makarantar fasaha ta Hanover, yana ɗan shekara 26. A can ya haɗa wani ɗan kwami na ruwa, da ƙafa mai filafilai da ake juyawa da hannu don ruwan ya zagaya. Sai ya barbaɗa garin wani dutse mai ƙyalli a saman ruwan, ya sa abubuwa iri-iri a hanyarsa, ya tsaya yana kallon inda garin ke bi, yana ɗaukar hoto. Kayan aikin ke nan. Kafinta da maƙerin unguwa za su iya haɗa irinsa.

A watan Agusta na 1904 ya je babban taron masana lissafi na duniya a Heidelberg, aka ba shi minti goma. Da aka buga jawabin, shafi takwas ne. Abin da ya ce shi ne, kowane gida yana da rabin gaskiya. Nesa da jikin abu, danƙon iska ba ya tasiri, lissafin masana ya wadatar. Amma dab da jikin abin akwai wata siririyar shimfiɗa, inda gudun iska ke tashi daga babu, a jikin bango, zuwa cikakken gudu a ɗan taƙi ƙalilan. A nan kaɗai danƙo ke aiki, kuma da yake wurin siriri ne, ana iya rage ƙa'idojin nan masu wuya har su warwaru. Ya kira ta da sunan da za mu iya fassarawa da shimfiɗar iyaka. A gaban fiffiken jirgin sama kaurinta bai wuce ƴan milimita ba, a bayansa takan kai ƴan santimita.

Da wannan ya amsa tambayarsa ta Nuremberg. Iskar da ke cikin shimfiɗar ta riga ta gaji saboda gugar bango. In hanya ta faɗaɗa, matsi na ƙaruwa a gabanta, kamar mai keke da ya tarar da hawa bayan ƙarfinsa ya ƙare. Sai ta tsaya, ta juyo baya, ta ɓanɓare sauran iskar daga jikin bango. Bayan wurin da ta ɓanɓare sai a sami fili mai birkitacciyar iska da ke jan abin baya. Dalilin ke nan da ya sa jikin kifi da na jirgin sama suke da dogon baya mai tsukewa a hankali, kuma dalilin da ya sa ƙura ke bin bayan babbar mota tana manne wa ƙyaurenta.

Duniya ba ta tashi tsaye don shafi takwas ɗin nan ba. An yi kusan shekara 20 kafin a rungume su sosai a wajen Jamus. Amma a cikin masu saurare akwai Felix Klein, babban malamin lissafi na jami'ar Gottingen, wanda ya gane abin da ya ji. A shekarar nan Prandtl ya koma Gottingen, kuma a can ya zauna har ya rasu a 1953. Klein mutum ne da ya san bakin masu kuɗi. Tun 1898 ya haɗa wata ƙungiya ta malaman jami'a da masu masana'antu, suna zuba dukiya a binciken kimiyya mai amfani. Ƴan'uwan nan biyu na gidan Wright sun tashi da jirginsu a Amurka a Disamban 1903, kowa ya ƙagu ya san sirrin tashi. Zuwa 1908 Prandtl ya gina ramin gwajin iska a Gottingen, inda ake hura iska a kan ƙananan samfura ana auna ƙarfin da take yi musu.

Labarin da na fi so a aikinsa shi ne na saɓaninsu da Gustave Eiffel, mai hasumiyar nan ta birnin Paris. Da tsufa ya zo masa, Eiffel ya koma gwajin iska. Ya auna tirjiyar da iska ke yi wa ƙwallo, sai adadinsa bai kai rabin na Gottingen ba. A Gottingen har an yi zargin ko tsohon ya yi kuskuren lissafi. Ashe kowa ya auna daidai, gudun iskar ne ya bambanta. Prandtl ya gano cewa in gudu ya kai wani mizani, shimfiɗar iyaka takan birkice, kuma birkitacciyar shimfiɗa ta fi natsattsiya riƙe jikin ƙwallo, don tana jawo ƙarfi daga iskar da ke samanta. Sai ta daɗe ba ta ɓanɓare ba, filin baya ya tsuke, tirjiya ta ragu. A 1914 ya tabbatar da haka da abu mafi araha: ya ɗaura siririyar waya ta zagaye ƙwallon don ta birkita shimfiɗar da gangan, tirjiya kuwa ta faɗi. Hankali zai ce abu mai santsi ya fi ratsa iska. Ido ya ce ba kullum ba.

A 1918 da 1919 ya fitar da lissafin fiffike, wanda ya bayyana yadda iska ke naɗewa a ƙarshen kowane fiffike tana cin wani kaso na ƙarfin jirgi, da yadda dogon fiffike siriri ke rage wannan asara. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya riga shi hango abin, shi ya sa a wasu littattafai ake haɗa sunayensu. Daga nan injiniya ya iya lissafa fiffike kafin ya yanka ƙarfe. A 1925 aka buɗe masa cibiya ta musamman ta binciken gudanar ruwa da iska a Gottingen.

A aji kuwa, an shaida Prandtl ba gwanin zuba ba ne. Ɗalibinsa Theodore von Kármán ya ba da labarin yadda yake son kayan wasan yara, yana iya ɓata lokaci yana juya su don ya ga yadda suke aiki. Wajen bayani, da wuya ya faɗi magana bai bi ta da sharaɗi ba, har masu saurare su ƙosa. Duk da haka mutum sama da 80 suka yi digirin dakta a hannunsa. Heinrich Blasius ya warware lissafin shimfiɗar iyaka a kan shafaffen allo a 1908, daga baya ya zaɓi koyarwa a makarantar injiniyoyi ta Hamburg, ya shafe fiye da shekara 50 yana riƙe da alli. Von Kármán, ɗan ƙasar Hangari, ya bayyana jerin juyin da iska ke bari a bayan sanda, wanda shi ke sa wayar lantarki kuka in iska ta taso. A 1930 ya koma Amurka ya raini nasa ɗaliban. Albert Betz ya nuna a 1920 cewa babu injin iska da zai iya kwasar fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa shi. Akwai kuma mace guda, Lu Shijia ƴar ƙasar Sin, wadda ta gama a 1942, ta koma gida ta shiga cikin waɗanda suka kafa makarantar ilimin jiragen sama ta Beijing.

Masanin nan Werner Heisenberg ya taɓa yaba masa cewa yana hango amsar lissafi tun bai yi lissafin ba. Prandtl ya ce shi ba shi da wannan baiwar. Abin da yake yi shi ne ya yi ta ƙoƙarin ganin abin a zuciyarsa filla-filla har ya fahimci yadda yake gudana, sannan lissafi ya biyo baya. Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami, don mu a makarantunmu mun juya tsarin. Muna fara wa yaro da ƙa'ida a allo, ya kwafe a kaye, ya haddace, ya zuba ta a jarrabawar BEPC ko BAC, in ya fito ya bar ta a bakin ƙofa. Ina da ɗalibai da za su kawo maka ƙa'idar matsin ruwa ba tuntuɓe, amma in ka tambaye su me ya sa ruwan tiyo ke ƙara nisa in an danne bakinsa da yatsa, sai su dubi allo, kamar amsar tana can. Yaran ba su rasa kai ba. An koya musu ne cewa ilimi yana cikin kaye, abin da ke tsakar gida kuwa wasa ne.

Wani uba ya taɓa tare ni a bakin makaranta, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, yaron nan naka ya ishe mu. An aike shi ɗebo ruwa, sai a same shi a bakin kwata yana jefa kara yana kallo. Ka ja masa kunne ya riƙe karatu." Na ce, "Alhaji, aiken dai a yi masa faɗa ya riƙa dawowa da wuri. Amma in ya dawo, a tambaye shi me ya gani." Na san abin da yaron zai gani, in ya lura: karan da ya faɗa tsakiyar kwata yana tsere wa wanda ya faɗa gefe. Abin da Prandtl ya tsaya kallo ke nan a kwaminsa na Hanover.

Kada wani ya ce wannan ilimin masu jirgin sama ne, ina ruwan mai gona da shi. Iskar da ke kaɗawa a kan gonakinmu ita ma tana da tata shimfiɗar iyaka, gudunta na raguwa in ana kusantar ƙasa. Wani sojan Ingila, Ralph Bagnold, wanda ya yi yawo a hamadar Libiya, ya ɗauki ƙa'idar Prandtl ta gudun iska kusa da ƙasa ya yi nazarin tafiyar rairayi, ya fitar da littafinsa a 1941. Ya nuna yawancin rairayi tsalle-tsalle yake yi dab da ƙasa, kuma in ƙarfin iska a nan ƙasa ya ninka biyu, rairayin da take kwasa yakan ninka wajen takwas. Ka juya maganar: in ka ɗan rage gudun iska a ƙasa, ka rage ɓarna mai yawa. Manomin da ke barin karan hatsi kwance a gona, da wanda ke barin tsiron gawo da kalgo yana yi musu sassabe maimakon ya tumɓuke su, kamar yadda ya yaɗu a jihohin Maraɗi da Damagaram, shimfiɗar nan suke yi wa dabara, don kada iskar farkon damina ta binne musu shuka. Ɗansa yana aji yana haddar fizik, bai san fizik ɗin na gonar ubansa ba.

Ga abubuwan da nake yi da ɗalibaina, ba su cin ko dala. Mu kunna turaren tsinke a ɗaki mu rufe taga: hayaƙin zai tashi siriri a miƙe, can sama ya birkice. Iri biyun gudana ke nan da Osborne Reynolds ya nuna a Manchester a 1883, da launi a cikin bututun gilashi. Mu zuba ruwa a kwano da ɗan rairayi, mu juya da cokali mu bari: kowa zai ce rairayin gefe zai nufa, sai ga shi ya taru a tsakiya, saboda ruwan da ke gugar gindin kwano ya fi na sama jinkiri. Einstein da kansa ya yi rubutu a kan wannan a 1926, da ganyen shayi. Mu barbaɗa dussa a kan ruwan da ke bin lambatu a garka, mu kafa sanda a tsakiya, mu ga juyin da ke fita bayanta ɗaya dama ɗaya hagu. Kafin kowane gwaji nakan sa kowa ya rubuta abin da yake zaton zai faru. In ido ya ƙaryata zato, a nan aji ke farkawa, kuma ƙa'idar da ta zo bayan haka ba ta saurin gudu daga kai.

Ba ina cewa kallo ya isa ba. Mutane da yawa sun kalli ruwa kafin 1904. Prandtl ya ga abin da ya gani ne don yana da lissafi mai zurfi a hannu, kuma da ba a gina masa ramin iska ba, da aikinsa ya tsaya a kwami. Malamin da ke fama da yara fiye da yadda benci zai ɗauka, wani ma a ajin zana, ba za a ce masa ya yi ta maneji da dussa har abada ba. Makarantunmu suna bukatar ɗakin gwaji, ko da ɗaya ne a kowane gari da za a riƙa karɓa-karɓa. Klein bai jira gwamnati kaɗai ba, ya ƙwanƙwasa ƙofar masu masana'antu. Mu ma muna da attajirai da ba sa ƙyashin alheri, sai dai ba mu saba kai musu irin wannan koken ba. Kuma ba baƙon abu ba ne a gare mu: Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne, kuma rana da ke dukan kowa ita ya tsaya ya yi wa nazari.

Akwai wani ɓangare na tarihin Prandtl da ba na ɓoye wa ɗalibai. Da ƴan Nazi suka hau mulki a 1933, an kori manyan malamai Yahudawa daga Gottingen, irin su Max Born da Richard Courant da Emmy Noether. Prandtl ya zauna, cibiyarsa ta bunƙasa da kuɗin ma'aikatar jiragen sama ta gwamnatin Hitler, kuma a lokacin yaƙi ya shugabanci kwamitin da ke tsara binciken ma'aikatar. Ya rubuta wa Himmler takarda a 1938 yana kare Heisenberg daga masu sukarsa, amma kuma a wasiƙunsa ga abokan aiki na Ingila ya kare manufofin gwamnatin. Mutumin da ya hango abin da bai kai kaurin farce ba a jikin fiffike, bai ga abin da ke faruwa da maƙwabtansa yadda ya kamata ba. Kaifin ido a ɗakin gwaji ba ya tsaya wa mutum a matsayin tarbiyya, wannan kuwa aikin gida ne kafin ya zama na makaranta.

Roƙona ga ƴan'uwana malamai shi ne, ko sau ɗaya a mako, a ware minti goma a nuna abu kafin a rubuta ƙa'idarsa. Ga iyaye kuwa, yaro ko yarinya in suka zo da tambayar da ba ku da amsarta, kada kunya ta sa ku kore su da tsawa. Ku ce su je su ƙara dubawa, su dawo su faɗi abin da suka gani, gobe kuma su kai wa malaminsu. Uban Prandtl bai san shimfiɗar iyaka ba, bai kuma rayu ya ji labarinta ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya saba wa ɗansa da tsayawa ya duba, kuma wannan ba ya bukatar kuɗi ko takardar shaida.